Barcin Ido Biyu

Cikin watan Afrilu ne, wajen ƙarfe 11 na safe, lokacin da rufin kwano kan mai da aji kamar tanderu. Ina yi wa 'yan aji uku na kwaleji shifta, na juya ke nan zan rubuta wata kalma a allo, sai na ji ihu a bayana, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin yaro ba. Yarinyar da ke zama bakin taga ce. Ta zame daga benci ta faɗi, idanu a runtse gam, yatsun hannu sun ƙandare sun lanƙwashe, tana birgima tana cewa a rabu da ita. Kafin in kai wurinta, ta kusa da ita ta faɗi. Kafin darakta ya iso sun zama huɗu. Ranar dai 'yan mata 11 aka kwashe daga azuzuwa uku, wasu a amalanke, wasu a kan babur an riƙe su ta baya.

Ba wanke kaina na zo yi ba, don haka bari in faɗi abin da na aikata. Bokitin ruwan goge allo na ɗauko na sheƙa mata. Da na ga bai yi ba, na daka tsawa na ce duk wadda ta sake faɗuwa sifiri za ta ci a jarrabawa. A raina na riga na yanke hukunci cewa iya shege ne da tsoron shifta. Wani abokin aikina kuma ya tsaya a kanta yana karatu da iya ƙarfin muryarsa, yara sun yi zobe, masu kuka na yi, masu leƙe ta taga na yi. Ni da shi mun saɓa a fahimta, amma dai kowannenmu itace ya ƙara wa wutar.

Duk malamin da ya yi aiki a Nijar cikin shekaru 20 da suka wuce ya san labarin nan, ko bai gani da idonsa ba. An yi a Yamai, an yi a Maraɗi da Damagaram, an yi a Dogon Dutsi nan kusa da mu. Kusan kullum 'yan mata ne, kusan kullum ɗaya ce take farawa sauran su bi. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 1962, a wata makarantar 'yan mata ta Kashasha da ke ƙasar Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, dariya da kuka suka kama ɗalibai 95 cikin 159, har sai da aka rufe makarantar. A garinmu kafin la'asar kowa ya samo dalilinsa. Tsofaffi suka ce ai da ma an sare itatuwan da ke filin kafin a gina azuzuwa, masu gidan ne suka zo neman hakkinsu. Wasu suka ce turare ne da ƙarin gashi da rashin addu'ar shiga makewayi. Wata masaniya mai suna Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980 tana nazarin bori, ta rubuta littafi a 2001 ta sa masa suna da maganar da ta ji a bakin 'yan borin, wai salla ta ɓata kome. Daga baya ta yi rubutu a kan faɗuwar 'yan makaranta, kuma zancen itatuwan da aka sare yana ciki. Ashe abin da na ji a bakin tsofaffinmu ya riga ya shiga littafi.

Ni kuwa ba baƙon faɗuwa ba ne. A Tibiri aka haife ni, kuma kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, godiyar iskoki ce. Mu Arawa ba sai an yi mana fassarar bori ba. Ƙasar Lugu da Bagaji ce, ƙasar Sarauniyar da ta tari sojan Voulet a 1899, ƙasar dutsen Tunguma. Ina yaro na sha raɓewa a gefen fage ina kallon wasa. Mai goge ya ja, masu ƙwarya su amsa, a yi ta nanata take guda, ana kiran iskar da kirarinta, ana lallashinta, ba gaggawa. Can sai ka ga idanun kakata sun tsaya wuri ɗaya, jikinta ya ɗauki ɓari. Tsohuwar da sai da sanda take zuwa kasuwa, sai ta zabura ta dira zaune a kan ƙasa mai tauri, ta miƙe ta sake. In an gama ta yi atishawa, ta dube mu kamar wadda ta dawo daga tafiya. Wata rana na tambaye ta, na ce, "Kaka, ba ki jin zafi?" Ta yi dariya ta ce, "Mijina, in goge ya kama ni, jikin ga ba nawa ba ne, wa za ya ji zahin?" Sannan ta ƙara da cewa ba kowa goge ke kamawa ba, wani ko a kwana ana ja masa, sai dai ya yi hamma.

Mahaifina mutumin masallaci ne, bai yarda da wannan ba, daga baya ma ya hana mu zuwa. Tsakanin su biyu na girma. Da na shiga makarantar horon malamai ta Dosso kuma na ƙaro wani ra'ayin, cewa abin da ba a iya aunawa babu shi. Wannan na ukun ne ya ɗauko bokiti ranar nan.

Kwana uku da faruwar abin, mahaifin yarinyar bakin taga ya zo daga ƙauye. Ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya gaishe mu a natse, ya ce, "Mushe, na taho ɗaukar ɗiyata. Lakwal ɗin ga taku akwai abu cikinta." Yarinyar nan ita ce ta ɗaya a Faransanci, ita kaɗai ce take karanta littafi ba don an tilasta ta ba. Na san in ta fita ƙofar nan ba za ta dawo ba. A ƙasarmu kusan uku cikin kowaɗanne 'yan mata huɗu ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma yarinyar da ta zauna gida ba ta daɗewa. Na ce, "Baba, ka ba ni sati biyu." Ban san abin da zan yi da sati biyun ba. Ya yi shiru, ya ce to, don girmana.

Allah da ikonsa, a makon wani abokina da muka yi lise tare ya zo gida ta'aziyya. Ma'aikacin jinya ne a fannin masu taɓin hankali a Yamai. Da dare a fada, ana jiran shayi na biyu, na kwashe labari na gaya masa, ina jiran ya ce na yi daidai. Ya ce, "Kai mai ruwa da shi mai ihu, magana ɗaya kuka gaya mata: abin da ya same ki babba ne, ya fi ƙarfinki, ya fi ƙarfin malamanki. Sauran 'yan matan ma sun ji, shi ya sa suka bi ta." Ya yi mini bayanin yatsun da suka ƙandare. Mai tsoro yana numfashi sama-sama da sauri, wannan numfashin yana sauya ma'aunin iskar da ke cikin jini, sai jiri ya zo, hannu da leɓe su yi zir-zir, yatsu su lanƙwashe. Yarinya ta ga hannunta ya ƙi bin umarninta, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Ba ƙarya take yi ba. Sannan ya ce akwai wata hanya da ya koya a wani ɗan gajeren horo, Faransawa suna ce mata ipnoz, in iyayenta sun yarda zai gwada.

Da jin sunan na ja baya. Abin da na sani game da ipnoz shi ne na fim, mugu ya kaɗa agogo a gaban mutum ya mai da shi bawa. Na ce masa rufa-ido ke nan, ko sihirin Turawa. Ya ce in zo in gani tukuna.

Daga baya na bi tarihin abin na karanta, kuma tun a shafin farko na ga fagen kakata. Wani likita Bajamushe, Franz Anton Mesmer, ya sauka Paris a 1778 yana cewa akwai wani ƙarfi kamar na maganaɗisu da ke gudana a jikin mutum, in ya toshe sai ciwo. Yakan zaunar da marasa lafiya kewaye da wani babban baho mai ruwa da garin ƙarfe, kowa ya riƙe sandar ƙarfe, ana kiɗa a hankali, shi kuma yana zagayawa. Sai wannan ta fara kuka, waccan ta sume, wata ta hau birgima, kuma da yawa su tashi su ce sun sami sauƙi. A 1784 sarkin Faransa ya naɗa kwamitin bincike, cikinsu har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Gwajinsu guda ya tsaya mini a rai. Almajirin Mesmer ya zuba wa wata itaciya wannan ƙarfi nasa a lambun Franklin, aka ɗaure idon wani yaro ɗan shekara 12, aka riƙa kai shi gindin itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya sume a gindin wadda ba a taɓa ba. Kwamiti ya ce babu wani maganaɗisu, tunanin mutum ne ke aikin. Suka rufe magana a nan, kamar yadda ni ma na rufe da bokiti. Amma yaron fa da gaske ya sume. In tunani kaɗai zai iya kayar da lafiyayye, ai tambayar da ta rage ita ce ko zai iya tayar da wanda ya faɗi.

Masu bin wannan tambaya sun yi yawa, ba zan jera su ba. James Braid, likita a Manchester, shi ya yaɗa sunan a 1843, daga kalmar Girkanci mai nufin barci, ko da yake daga baya ya gane ba barci ba ne, tattara hankali ne a wuri guda. A asibitin Salpêtrière na Paris, Charcot yana sa hannun mace ya shanye da magana, ya kuma warware shi da magana, ya ɗauka alamar wata cuta ce. A Nancy kuma akwai Liébeault, likitan talakawa da ke duba manoma kyauta, shi da Bernheim suka ce a'a, wannan hali ne na ɗan Adam, kowa yana da rabonsa na karɓar abin da aka cusa masa. Su ne suka yi gaskiya. Freud ya zauna wurin Charcot a 1885, ya yi amfani da ipnoz, sannan ya ajiye ta ya koma sauraron mara lafiya yana magana. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da ita a 1955. A Liège ta Beljiyam, wata likitar sa barcin tiyata, Marie-Elisabeth Faymonville, a 1992 ta fara haɗa ipnoz da allurar kashe zafin wuri guda, a yi wa mutum aikin maƙoƙo yana ido biyu, hankalinsa yana can wani wurin da yake so. Masu bincike sun ce kamar mutum ɗaya cikin goma ne take kamawa sosai, wasu kaɗan ba ta kama su sam, galibi suna tsakiya. Da na karanta wannan sai na tuna mai hamma a fagen goge.

Ni dai na sa mata suna barcin ido biyu, don abin da na gani ke nan.

A gidan gwaggon yarinyar aka yi, a inuwar dogon yaro, gwaggon na zaune a kan tabarma, ni ina gefe. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai fara da ita ba. Ya duba cikin fatar idonta ya ce jininta ya yi ƙasa. Ya taɓa goshi, ya sa ta lanƙwasa wuya, don lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau. Ya tambayi gwaggo ko tana faɗuwa cikin barci, ko ta taɓa cizon harshe, ko fitsari na kufce mata. Duk aka ce a'a. Sannan ya gaya wa yarinyar abin da zai yi dalla-dalla, ya ce duk lokacin da ta ga dama ta buɗe ido ta tashi, ba mai hana ta. Ya ce, "Ƙanwata, ina ne wurin da in kina can hankalinki ya fi kwanciya?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce lambun kakanta a fadama, inda ake noman rake.

Ya yi bisimilla. Ya ce ta zuba wa ganye ɗaya ido. Ya rage murya, ya rage sauri, yana daidaita maganarsa da fitar numfashinta, ta shaƙa ya yi shiru, ta fitar ya yi magana. Ya ce in idon ya gaji ta bar shi ya rufe. Ya bi da ita hanyar lambun, yana tambaya tana amsawa da kai: yashin hanya da zafi, ƙasar fadama da sanyi, ganyen rake na ƙara in iska ta kaɗa. Ya kai ta bakin rijiya, ya ce ta tsoma hannu cikin guga, ta ji yadda sanyin ke shiga yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya saki. Ina kallon hannunta a kan gwiwa, na ga yatsun suna buɗewa. Wata akuya ta shigo ta tunkuɗe kwano, yarinyar ta yi murmushi ido a rufe, wato tana jin kome. Ya koya mata cewa in ta ji abin na tasowa a aji, ta haɗa babban yatsa da manuni, ta fitar da numfashi a hankali sau biyar, ta koma bakin rijiyar nan, don tata ce, ba mai ƙwace mata. Ya ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, ta buɗe ido. Duka bai wuce minti 20 ba. Saura kaɗan in jira atishawa.

Na ce masa shi ke nan an warke? Ya ce, "Haba Mushe. Ƙofa muka buɗe, ba mu shiga ɗaki ba." Ɗakin kuwa sai bayan an sha ruwa aka shiga, tana ido biyu sarai, ba wata dabara. Ya tambaye ta yadda take kwana da yadda take tashi. Kamar yawancin 'yan ƙauyen da suka ci jarrabawar shiga kwaleji, a gidan mai masauki take. Kafin asuba ta tashi, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta share gida, ta zo aji ba ta karya ba. In an tashi ta ɗauki tallar matar gida. Karatu sai kowa ya kwanta, da fitilar hannu. Sannan, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce lokacin hutu ta ji ana cewa an kawo gaisuwa daga gidan wani ɗan kasuwa, bayan kaka za a yi. Ba wanda ya gaya mata, ba wanda za ta tambaya. Gwaggo ta sa gefen zane ta share ido. Wata uku yarinyar nan tana zaune gabana da wannan kaya a kanta, ni kuwa kuskuren shifta nake ƙirgawa.

Abin da ya biyo baya ba abin al'ajabi ba ne. Gwaggo ta ɗauke ta ta dawo da ita gidanta. Aka saya mata maganin ƙarin jini. Ni da gwaggo da limamin unguwa muka je wurin mahaifin, ya yarda a jira ta yi brebe. Ya kuma kai ta wurin malaminsa aka yi mata rubutu, ban ce uffan ba, don ita ma ta ce ta ji daɗinsa. Ta sake faɗuwa sau biyu a shekarar, amma sau da yawa nakan hango ta haɗa yatsu biyu a ƙarƙashin tebur, leɓenta na motsi, bayan ɗan lokaci ta ɗauki biro. Ta ci brebe. Ta yi shekara ɗaya a lise, aka yi auren. Ba yadda na so ba, ba kuma yadda aka shirya tun farko ba.

Wani zai ce to Mushe, da aljani ko babu? Ni Musulmi ne, na yarda da aljanu, wannan fagen na bar wa malamai. Abin da ke hannuna a matsayin malamin makaranta shi ne cikin da ba a karya ba, da barcin awa huɗu, da maganar da yarinya ba ta da wurin faɗa. Manyan likitocin Afirka ma ba su tsaya wannan gardama ba. Thomas Adeoye Lambo a Aro ta Abeokuta, tun 1954, ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya bi makamanciyar hanya a asibitin Fann na Dakar. Sun lura mutum ya fi warkewa cikin harshen da yake tsoro da shi.

Sai dai ƙofar da magani ke shiga, ta nan guba ma take shiga, kuma wannan nake so iyaye su ji da kyau. Mutumin da ke cikin wannan hali yana karɓar abin da aka miƙa masa, tambaya ma takan zame masa amsa. A Amurka cikin shekarun 1980 da 1990 an sami masu jinya da ke amfani da ipnoz wai su tono abin da mutum ya manta. Mutane suka riƙa tuno abubuwan da ba su taɓa faruwa ba, suna rantsuwa a kai, aka zargi iyaye, gidaje suka watse. Shi ya sa kotuna da yawa a can ba sa karɓar shaidar da aka tono ta wannan hanya. Da na karanta haka gabana ya faɗi, don na ga irinsa da idona. A shekarar faɗuwar nan, an kewaye wata yarinya tana kwance, wani yana tambaya da ƙarfi, "Wa ya turo ka? Mace ce? Tsohuwa ce? Tana nan kusa?" Yarinya na gyaɗa kai. Kafin sati ya zagayo, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar makaranta ta zama mayya a bakin yara, ba mai sayen ƙosanta, ta tattara ta koma wurin ɗanta a wani gari. Na san malamai masu ruƙiyya da suke karatu a natse, a ɗaki, ba taro, ba sa tambayar sunan kowa, kuma na ga yara sun sami natsuwa a hannunsu. Ba karatun nake zargi ba. Tambayar nan ce, wadda ta zo da amsarta a goye.

Mu malamai ma kada mu ɗauka mun kuɓuta. Yaro ɗan shekara bakwai da ke zuba wa Mushe ido, yana tsoronsa yana sonsa, ba ya buƙatar a ƙirga masa daga biyar zuwa ɗaya. In ka ce masa jaki sau ɗari, ya karɓa. Ni har yau in zan yi Faransanci gaban manya sai harshena ya sarƙe, tun daga ranar da aka rataya mini sambol a aji uku na firamare don na yi Hausa, aka sa aji ya yi mini dariya.

Yanzu saura nawa laifin na biyu, wanda ya fi na bokiti. Bayan abokina ya koma Yamai na riƙe abin da na gani. In yarinya ta faɗi, in kori 'yan kallo, in sa malama mace ta zauna kusa da ita, in rage murya in yi ta ƙirga mata numfashi. Yana aiki. Faɗuwar jere ta ragu ƙwarai, don wutar ba ta samun itace. Yara suka fara ce mini Mushe mai aljanu, ina nuna ban so, alhali ina jin daɗi. Bayan shekara biyu wata 'yar aji ɗaya ta faɗi. Na yi abin da na saba, cikin minti biyu jijjigar ta tsaya, ta yi wani barci mai nauyi, na miƙe ina karkaɗe wando kamar wanda ya ci kokawa. Haka sau uku. Uwarta ta zo ta ce, "Mushe, ko da dare shina kama ta, har ta jiƙa tabarma." Na ce kada ta damu, tsoro ne, zai wuce. Lokacin babban hutu tana talge ta faɗa kan murhu, hannunta na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa. A asibiti aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ta a kan gardenal, ƙwaya mai araha da ake sha kullum, faɗuwar ta kusa ɗaukewa gaba ɗaya.

Na kira abokina a waya. Bai tausaya mini ba. Ya ce, "Wa ya naɗa ka likita? Ka ga abin da na yi a ƙarshe ka kwafa, tambayoyin da na fara da su ka bar su a tabarma. Idonta a buɗe yake ko a rufe?" Na yi shiru. A buɗe yake, ya juye sama. Ya ce ita ta farkon runtse ido take yi gam, abin ya daɗe, ya lafa ya dawo, kuma sai cikin mutane. Mai farfaɗiya kuwa galibi ido a buɗe, jiki ya sandare sannan ya yi jijjiga, minti ɗaya ko biyu ya tsaya da kansa, ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Takan ciji gefen harshe, fitsari kan kufce, yana zuwa ko cikin barci, ba ruwansa da wuta ko bakin rijiya. Ba a danne ta, ba a sa mata cokali a baki, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, in ta lafa a juya ta gefe, kuma yawunta ba ya harbin kowa. Ya ce ko su da suka karanta wani lokaci sukan rikice, shi ya sa ba a yanke hukunci a tsakar aji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha rubuta wa yara wannan a allo.

Yanzu a makarantarmu in yarinya ta faɗi, har yanzu muna korar taro, muna rage murya, don wannan ba ya cutar da kowa. Amma akwai kaye guda a ofis da muke rubuta yadda ta faɗi, da yadda idonta yake, da minti nawa, da ko ta karya, kuma ranar ake raka ta wurin majo da takardar. Ƙirga numfashi ina yi. Kai yaro bakin rijiya kuwa na bar wa waɗanda suka koya. Malama guda ta ɗauki nauyin zama da 'yan matan da ke gidajen masauki kowace Laraba da yamma, ba darasi, hira kawai, kuma abin da ke fitowa a hirar nan ya isa wani rubutun.

Na je gidan su yarinyar na gaya wa uwarta cewa da na saurare ta tun ranar, da wataƙila hannun bai ƙone ba. Ta ce, "Haba Mushe, ƙaddara ce, kai da ka yi ta wahala da ita." Ta shiga ɗaki ta fito da rake sanda biyu ta ba ni. Bana yarinyar tana aji huɗu, a layin gaba take zama. Tana jan hijabi ta rufe hannun, amma in za ta miƙo mini kaye sai ya zame.